Gimbiya Tana Son Mai Ido

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Uwata,

Ina gaishe ki gaisuwar uba, ina kuma roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki lafiya a duk inda kika buɗe ta, ko a mota ko a masauki. Allah Ya tsare miki hanya, Ya raba ki da direba mai gaggawa, Ya haɗa ki da mutanen kirki a garin da ba ki da kowa.

Na san za ki yi mamaki. Kina ɗakinki kina cusa kaya a akwati, ina jin motsinki, ni kuma ina falo ina rubuta miki wasiƙa kamar wanda ke wata ƙasa. Kin san halin tsohonki. In na buɗe baki da niyyar nasiha, faɗa ne ke fitowa, ke kuma ba sunan mahaifiyata kaɗai kika ci ba, har taurin kanta kin kwashe, sai mu ƙare kowa ya juya wa ɗan'uwansa ƙeya. Takarda ba ta ɗaga murya. Kada ki yi dariyar girman baƙaƙen, iyakar abin da idon ya yarje mini ke nan yanzu.

Za ki tafi Abuja ki kama aikin nan. Zancen da kika zo mini da shi shekaranjiya, wai ki haƙura ki zauna ki kula da ni, ban karɓa ba kuma ba zan karɓa ba. Sannan za ki tafi da Gimbiya, fulawar mahaifiyarki da ke kusurwar falo. In aka ɗauke ki, ita kaɗai ce mai rai da hannun mahaifiyarki ya raina ya bar mana. Idona tafiya yake yi, a gabanki likita ya ce abin da ya tafi ba zai dawo ba, abin da ya rage ma lallaɓa shi ake yi. Gimbiya kuwa ba ta magana sai da mai ido. In ta zauna da ni mutuwa za ta yi, ina zaune dab da ita ban sani ba. Shi ya sa nake so in gaya miki duk ɓarnar da na yi mata a shekarun nan, don kada ki maimaita, tunda ba abin da ban gwada ba na kashe ta da kyakkyawar niyya.

Kina 'yar firamare aka kawo ta, ba lallai ki tuna ba. Maman Nanle, maƙwabciyarmu ta jikin katanga, ita ta je gida Filato bikin Kirsimeti ta dawo wa mahaifiyarki da ita a cikin gwangwanin madara. Ganye ne ƙwaya kaɗan, masu tsawo, kore shar. Na dawo daga masaƙa a Kakuri, kunnena na ta amsa kukan inji, na tarar da abu a kan teburin falo an shimfiɗa masa ƙyalle.

Na ce, “Wannan fa?”

Mahaifiyarki ta ce, “Fulawa ce, Malam. Maman Nanle ta ce fis-lili ake ce mata.”

“Ana miya da ita?”

“A'a.”

“Tana 'ya'ya? Ko magani ce?”

Ta yi murmushi ta ce, “Kallo ake yi.”

Na ce to Allah Ya kyauta, mun zama Turawa.

Ni ɗan manomi ne kafin in zama makaniken masaƙa. A wurinmu duk abin da ya tsiro rana yake so, wanda ya rasa ta shi ke ƙanƙancewa. Shuka a cikin ɗaki kuwa, a ganina, sai dai ta tara sauro. Ta yi watanni a teburin nan ina harararta. Wata safiya cikin bazara, mahaifiyarki ta kai ki asibiti kina zazzaɓi, na ɗauki gwangwanin na ɗora a kan katangar tsakar gida, inda rana ke dukan bulo tun hantsi har la'asar. Na tafi aiki ina jin kaina wai na yi wa abin gata. Da na dawo na tarar da mahaifiyarki a tsugune da reza tana yanke ganyen da suka ƙone. Sun yi fari-fari kamar an goge su da dutsen guga. Ta gama, ta wanke hannu, ta kawo mini tuwo kamar kullum. Wallahi da ta yi mini faɗa da abincin ya fi shiga.

Don haka ki ji da kyau, haske take so, ba rana ba. A ɗakin da kika kama ki nemi gefen taga mai labule, wurin da za ki iya karanta takarda da rana ba sai kin kunna fitila ba, amma inda rana ba ta sauka a kan ganyen. In kika ga ganye na ƙonewa a tsakiya, ki ja ta baya. In ta daɗe ba ta yi fure ba, duhu ya yi mata yawa, ki matso da ita kaɗan. Kuma nan gaba, in Allah Ya ba ki abokin zama, ya shigo da wani abu da ke faranta masa rai wanda ke ba ki ga amfaninsa ba, don Allah kada ki tambaye shi ko ana miya da shi.

Sunan nan na Gimbiya ma daga bakina ya fito, da niyyar ba'a. Kin san halinta. In ƙishirwa ta kama ta ba ta lallaɓawa, sai ta zubar da ganyen nan gaba ɗaya a bakin tukunya, kai ka ce an aiko mata da saƙon mutuwa. Ran farko da na ga haka na ce wa mahaifiyarki, “To, an huta.” Ta yi dariya ta ɗebo ruwa a moɗa ta zuba mata, ta ce in je masallaci in dawo. Na je na yi Azahar, na tsaya hira a shagon Ikechukwu mai gyaran babur, kafin in dawo ganye duk sun miƙe tsaye kamar ba su ba. Na ce ai wannan gimbiya ce, ba ta roƙo sai dai ta suma a kawo mata. Sunan ya zauna. Tun daga ran nan na fara satar kallonta, ko da yake ban taɓa bari mahaifiyarki ta kama ni ba.

Ki lura, wannan suman nata ba wasa ba ne da za a riƙa yi kullum. In ta langaɓe kika ba ta ruwa za ta tashi, amma kowace faɗuwa tana rage mata ƙarfi. Ki riƙa tarar ta tun ganyen sun fara sunkuyar da kai kaɗan.

Babbar ɓarnata bayan rasuwar mahaifiyarki na yi ta. Kina makaranta a lokacin, kin koma bayan an tashi daga zaman makoki, gidan ya rage daga ni sai agogon bango. Ban san inda ake ajiye gishiri ba, ban san wace maƙwabciya ke da turminmu ba. Amma na san Gimbiya. A lokacin ta bar gwangwani tuni, tana cikin tukunyar ƙasar nan da kika sani, ta cika ta tumbatsa. Na ce a raina, komai na gidan nan zai iya lalacewa, wannan kam ba za ta lalace a hannuna ba.

Sai na kula da ita yadda na iya kula da abu. A masaƙa ba a jiran inji ya yi kuka kafin a ba shi mai. In ka ji kukansa ka riga ka makara, kuma kai za a kira ofis. Don haka na sa mata ƙa'ida. In jiniyar masaƙa ta safe ta busa, ruwa. In na dawo, ruwa. Ban tsaya nan ba. A ƙauyenmu kakanki a gindin zogale yake alwala, don kada ruwan ya tafi a banza, sai ni ma na riƙa tara ruwan alwalata a kwano ina juye mata, ina ganin har albarka nake ƙara mata. Da na ga ruwa na bi ta ƙarƙashin tukunyar yana jiƙa ledar falo, sai makanikancin ya motsa. A wurinmu duk abin da ke yoyo ya lalace ne. Na kwaɓa ɗan siminti na toshe hujin, na shafe shi sumul, har ina yaba aikina.

Ganye suka fara rawaya daga ƙasa. Ta langaɓe. Na ce ƙishirwa ce, na ƙara ruwa. Ba ta tashi ba, na sake ƙarawa. Ina tsaye a kanta da buta ina cewa, “Me kuma kike so? Me na rage ki da shi?” Da wani ya leƙo ya ji ni da ya ce Malam ya taɓu.

Wata Lahadi Maman Nanle ta dawo daga coci ta shigo gaishe ni, da kwanon gwate a hannu. Tun rasuwar ba ta yarda ta wuce tsakar gida ba, ran nan ne ta fara leƙa falo. Tana shiga ta tsaya.

“Baban Ummi, mene ne yana wari haka?”

Ta ajiye kwanon ta nufi kusurwa da kayan cocinta, ta tsoma yatsa a tukunyar. Yatsan ya nutse cikin taɓo. Ta ɗaga tukunyar ta leƙa ƙarƙashi, ta ga simintina, ta dube ni.

“Haba, Baban Ummi! Wannan ba shinkafa ba ne fa. Kana so ka yi fadama a falo?”

Na ce cikin borin kunya, “Kula da ita nake yi.”

Ta ce, “Maman Ummi ba ya ba shi ruwa sai ya roƙa. Abeg, kawo mini wuƙa da tsohon jarida.”

Ta zazzage ta a kan jarida a tsakar gida. Uwata, da kin ga saiwoyin. Waɗanda ya kamata su zama farare masu ƙarfi duk sun yi baƙi, suna narkewa a hannu, ga ɗoyi. Ta yi ta yanka tana jefarwa, tana yanka tana jefarwa, ni ina tsaye kamar mai jiran hukunci. Daga cikin tulin nan da ya cika tukunya, ɗan kashi ɗaya ne ya tsira. Ta sa ni na fasa simintin da hannuna. Ta zuba gutsattsarin tukunya da gawayi a ƙasa, ta haɗa baƙar ƙasa da yashi da ruɓaɓɓen ganye, ta dasa. Sai da ta gama na lura hawaye take yi, yana ɗiga a kan zanenta na coci. Shekara da shekaru ita da mahaifiyarki suna miƙa wa juna gishiri da labari ta kan katangar nan, ni kuwa ina ganin ni kaɗai aka yi wa mutuwa.

To, ga abin da na koya da tsada. Kada ki sa mata ranar ruwa. Ki tsoma yatsa a ƙasar har gaɓar farko, in kin ji danshi ki ƙyale ta, in kin ji bushewa ki ba ta har sai ya fito ta ƙasa. Ruwan da ya taru a faranti ki zubar, kada ta kwana a cikinsa. Hujin nan na ƙarƙashi shi ne ranta. Kuma ki sani langaɓewar ƙishirwa da ta ruɓewa kamarsu ɗaya a ido, yatsa ne kawai ke raba su. Ni ban taɓa ƙasar ba ko sau ɗaya, ina can ina bin jiniya. Za ki haɗu da mutane a rayuwa da za ki so ki yi wa alheri. Ki fara tambayarsu abin da ke damunsu kafin ki ɗauko butarki.

Akwai abin da ya faru ran nan da ban taɓa gaya miki ba. Sa'ad da ciwon mahaifiyarki ya tsananta, Gimbiya ta fitar da fure ɗaya. Kin san furen, farin nan mai kama da tafin hannu an ɗan lanƙwasa, da ɗan sanda a tsakiya. Mahaifiyarki ta sa aka juya mata katifa don ta riƙa hango shi ta ƙofa. Bayan ta rasu furen ya yi kore, ya koma ruwan ƙasa, ya bushe, karan ya karye a tsakiya. Na kasa cire shi. Na samo tsinke na kafa, na ɗaure karan da zaren masaƙa don ya tsaya. Da Maman Nanle ta zo kansa da wuƙa sai na riƙe mata hannu, abin da ban taɓa yi wa matar wani ba.

Na ce, “Bar wannan. Shi ta gani na ƙarshe.”

Ta dube ni ta ce a hankali, “Baban Ummi, wannan ba shi ne Maman Ummi ba. Ya gama aikinshi. In ka bar shi, sabo ba zai samu hanya ba.”

Ta miƙo mini wuƙar. Ni na yanke shi, daga can gindi, kuma na yi kuka a gaban matar mutane irin wanda ban yi ba a maƙabarta. Ba na jin kunyar faɗa miki yanzu. Ke ma in fure ya yi kore ya fara bushewa ki bi karan har ƙasa ki yanke da reza mai tsabta. Haka ganyen da ya yi rawaya. Kada ki tausaya masa, ba ya dawowa.

Za ki ɗauka daga nan na yi hankali. Ina! Da ta farfaɗo ta fara sabon ganye sai murna ta ɗebe ni. Na ce wannan tukunya ta yi wa Gimbiya kaɗan, na sa aka yanka mini rabin duro a Kakuri, na huda shi da kyau don kada a sake yi mini gori, na shafa masa fenti. Na cika shi da ƙasa, na bi na zuba kashin kaji ɗanye yadda ake yi wa masara. Bakin ganyen duk ya ƙone, kuma ta yi shekara guda tana zaune a tsakiyar duron nan kamar baƙuwa a babban gida, ba fure ba alamarsa. Sai da na mayar da ita tsohuwar tukunyarta ta saki jiki. Tana son matsi. Kada ki canja mata tukunya sai kin ga saiwa na leƙowa ta hujin ƙasa, kuma ko a lokacin wadda ta ɗara kaɗan za ki nema. Taki kuwa ɗan kaɗan ya ishe ta, wanda ya ruɓe sosai, da damina. Ke ma in albashi ya fara shigowa za a yi ta zuga ki ki kama babban wuri. Ki zauna inda kika iya sharewa da kanki tukuna.

Na basilin kam kin gani da idonki, har yau in kin tuna kina dariya. Na ga ganyen sun dushe da hayaƙin risho, na ce abin da ke sa fata sheƙi ai zai sa ganye, na bi su ɗaya bayan ɗaya na mulke. Sun yi ƙyalli kwana biyu, daga nan duk wani datti na unguwar Television ya zo ya manne. Kika yi yini guda kina wanke su kina ce mini, “Baba, saura turare.” Tsumma mai laushi da ruwa zalla, shi ke nan. Ki tallafi ganyen da tafin hannu ta ƙasa ki goge ta sama, yadda mahaifiyarki ke yi ranar Juma'a tana 'yan waƙe-waƙenta.

Ruwan famfo in yana warin magani ki tara shi a bokiti ya kwana kafin ki ba ta, in ba haka ba bakin ganyen zai riƙa bushewa. Na sama ya fi mata komai, in damina ta sauka ki tara. An ce ofisoshin can sanyin na'ura ne ke kaɗawa har mutum ya nemi rigar sanyi. Kada ki kai ta ofis don a yaba, iskar nan za ta busar da ita. In akwai yara a gidan da kika sauka ki ɗaga ta sama, ganyen yana ƙona baki in aka tauna, har ya kumbura. A tasha kuma kada ki yarda kwandasta ya karɓe ta. Zai ce miki, “Hajiya, kawo a sa a but, ba abin da zai same ta,” ya ɗora mata buhun doya. A cinyarki za ta zauna har ki sauka, ki rufa mata ɗankwali ta gefen taga. In fasinja sun yi dariya su yi.

Yanzu bari in gaya miki abin da ya yanke mini shawara. Makon da kika je ganawar neman aikin nan, ni kaɗai ne a gida. Kullum ina zama a kujerata, rediyo na ta bayanin sababbin gwamnoni da 'yan majalisa, ina jin Gimbiya na nan a kusurwarta ta hagu kamar yadda take. Ciwon nan daga gefe yake cin gani, abin da ke gabana kawai nake gani, kamar mai leƙe ta cikin bututu. Ban san ya kai haka ba. Sai da goggonki Hauwa ta zo daga Tudun Wada ta yi sallama ta ce, “Yaya, me ya sami fulawar marigayiya?” Na juya kaina gaba ɗaya, sannan na gan ta. Ta zube, ƙasar ta bushe har ta janye daga jikin tukunya. Kwana nawa ta yi tana kira, Allah kaɗai Ya sani. Mun ba ta ruwa, ta tashi da ƙyar, ganye da yawa ba su tashi ba, su ne kika tarar na yanke kika tambaya na ce tsufa ne. Ba tsufa ba ne. Ran nan na ji tsoro irin wanda ban ji ba ko a ɗakin likita.

Na san abin da za ki ce, ai ga dalili nan na ki zauna. A'a, Uwata. Sau ɗaya a baya na ga sojoji sun miƙa mulki, kina goye a lokacin. Mun yi murna a masaƙa har da rawa, ba a jima ba muka wayi gari da kiɗan soja a rediyo. Yanzu ga shi sun sake miƙawa, ban san ko wannan karon zai ɗore ba, ban kuma yarda da rabin masu manyan rigunan nan da hotunansu suka cika katangun unguwa ba. Amma ƙofa ta buɗe, an kira ki da takardunki, ba da sanin kowa ba. Masaƙun da suka ciyar da mu kina gani sai rage mutane suke yi, 'ya'yan abokaina da digirinsu suna zaune a gindin mangwaro. Mahaifiyarki ta yi ɗinki har bayanta ya ƙage don ki yi karatun nan. Ban ga ranar da zan tsaya gaban Allah in ce na zaunar da ke don ki riƙa nuna mini inda takalmina yake ba. Goggonki ta yarda za ta dawo nan da zama. Bakinta ya fi nawa zafi, za mu yi ta faɗa, lokaci zai wuce. Maman Nanle kuma tana jikin katanga, in na yi tari sau biyu sai ta ƙwala kira.

Zan yi kewarki, wannan ba sai na ɓoye ba. Tun da kika fara haɗa kayan nan abinci ba ya mini daɗi. Zan yi kewar takunki a tsakar gida da yadda kike murɗa mini rediyo in kin gaji da siyasa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ban san ko in kin dawo hutu zan ga fuskarki sosai ba. Shi ya sa kwanakin nan kike kama ni ina kallonki kina cewa, “Baba, lafiya?” Lafiya lau, ajiya nake yi.

Abu ɗaya nake so ki ɗauka daga halin Gimbiya, kada ki ɗauka daga na mahaifiyarki. Ita mahaifiyarki ba ta taɓa langaɓewa a gaban kowa ba. Ciwo na cinta tana tuƙa tuwo, in an tambaya ta ce gajiya ce, har sai da ya fi ƙarfin magani. Ni ma da nake faɗa, na fi shekara ina karo da bakin ƙofa kafin in yarda ki kai ni asibiti. Gidanmu gidan masu shiru ne, kuma shirun nan ya cuce mu. In ba ki da lafiya ki faɗa. In aikin ya yi miki nauyi, ko wani babba a ofis ya matsa miki da abin da bai dace ba, ko kaɗaici ya dame ki, ki rubuto, goggonki za ta karanta mini. Kada ki rubuto “lafiya lau” alhali kina kuka. Ki riƙe sallarki a kan lokaci. Ki gaida maƙwabtanki ko wane ne su, ko ina suke ibada, don ran da abu ya ruɓe miki a ɗaki su ne za su fara jin wari.

Saura magana ɗaya, kuma ita ce ta sa na ɗauki biro. Mai yiwuwa Gimbiya ta mutu a hannunki. Aiki zai yi miki yawa, za a tura ki wani gari, ko kuwa kawai kwananta ya ƙare, ai mai rai ce. In haka ta faru ban ɗora miki laifi ba, ni da na yi mata abin da na lissafa miki. Amma na san ki, na san abin da zuciyarki za ta raya miki ran nan. Za ki je wurin masu sayar da fulawa a bakin titi ki sayo irinta, ki dasa a tukunyar nan, in kin zo hutu ki kama hannuna ki ɗora a kan ganyen ki ce, “Baba, ga Gimbiya, dubi yadda ta yi kyau.” Kuma zan yarda, don ba ni da yadda zan gane.

Kada ki yi mini haka. Daga yanzu mutane da yawa za su riƙa gaya mini abin da zai kwantar mini da hankali. Za su ce rigata fes take, su ce ban rame ba, su ce gida na nan yadda na san shi. Na yafe musu tun kafin su fara, don ƙauna ce za ta sa su. Ke kam ban yarje miki ba. In ta mutu ki zo ki zauna kusa da ni ki ce, “Baba, ta mutu,” mu yi baƙin cikinmu tare. Ina so ya zamana akwai baki ɗaya a duniya wanda in ya ce mini abu fari ne, in san fari ne.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya sa ki shiga garin nan da ƙafar dama. Allah Ya tsare mutuncinki, Ya ba ki halal mai albarka, Ya kare ki daga sharrin da kike gani da wanda ba ki gani. Allah Ya jiƙan mahaifiyarki, Ya haskaka makwancinta. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe mini. Na bar ki a hannun Wanda ajiyarSa ba ta ɓata.

Wassalam.

Mahaifinki.